Kunnen Dama na Tsoho

Na Allah ne mu duka, kuma ya karɓi abinsa. Kakana na wajen uwa, wanda kowa a gidanmu ke kira Tsoho, ya rasu wata Laraba da hantsi, bayan an gama shigar da gero. Na yi kuka, na yi masa addu'a, na zauna kan tabarma cikin mata ina amsa gaisuwa kamar yadda ya kamata. Amma ba zan ɓoye ba, rabin zaman makokin nan da haushi na yi shi.

Yo ina dalili? Kowace mata ta shigo sai ta durƙusa ta ce, "Ya haƙuri? Allah ya jiƙan Baba. Wallahi an yi rashin mutum mai sauƙin kai." Sauƙin kai! Wa? Tsoho? Wata dattijuwa da ta zo daga Gwiwa har da rantsuwa, wai ba ta taɓa jin ya yi musu da kowa ba. Na dubi matar Kawu, surukar Tsoho, ita ma ta dube ni, ta ja mayafi ta toshe baki. Ita ce ta yi shekaru tana wanke masa matashin kai, ta san abin da muka sha. A waje kuwa maza sun cika ƙofar gida har bakin titi. Fulani sun zo daga wajen Babura, manoman da ya yi wa garma sun zo daga Roni, kowa sai yabon fara'arsa yake yi.

Mutum ɗaya ne ya yi maganar da ta shige ni. Wani ramammen dattijo ne, bai zauna cikin maza ba, ya tsaya gefen zaure ya ce a kira masa jinin mamaci ko da mace ce. Kawu, wato ɗan Tsoho da ya rage a gidan, yana masallaci, sai na fita. Ban gane shi ba sai da ya faɗi ƙauyensu. Shi ne wanda aka taɓa kamawa da shanun sata tun ina yarinya, ya yi zaman gidan yari ya dawo.

Ya ce, "'Yata, da na dawo, in na yi sallama sai kowa ya dubi ƙasa, har 'yan uwana. Kakanki kaɗai ke ajiye guduma ya amsa, ya tambaye ni gajiya, ya tambaye ni iyali. Ko lauje ban taɓa saye a wurinsa ba. Amma duk ranar kasuwar Gwiwa sai na zagayo ta nan, don kawai in ji an amsa mini."

Na ce masa Allah ya ba da lada. A raina kuwa na ce, ai wannan amsawar ce ta kai Tsoho inda yake yanzu. Shi ya sa na zauna nake rubuta wannan. Kafin a mayar mini da shi wani salihin bawan Allah da ban sani ba, gara in faɗi yadda yake. In aka manta da taurin kansa, to shi aka manta.

Tsoho maƙeri ne. Maƙerarsa a zauren gidan take, bakin hanyar da ta tashi daga Roni zuwa Gwiwa, kuma duk wanda zai wuce, a ƙafa ko a keke ko a babur, sai ya jefo sallama. Shi kuwa ba ya amsa ta a taƙaice. Sai ya tsayar da aiki, ya bi ta da gajiya, da gida, da yara, da ruwan bana, da lafiyar dabbobi. Kawu yana zuga masa wuta yana cizon haƙora, ƙarfe ya yi ja ya huce, a sake mayar da shi cikin gawayi. In Kawu ya yi ƙorafi sai ya ce, "Ƙarfe ai zai jira. Mutum ya yi maka sallama ka bar shi a tsaye? Haba."

Kunne ɗaya gare shi. Na hagu ya mutu tun yana saurayi, ran da tartsatsin ƙarfe ya faɗa ciki. Don haka duk rayuwarsa da kai a karkace ya yi ta. Da ya ji motsin murya sai ya juyo da kunnen dama, kamar kazar da ta ji shaho. Ko ƙailula zai yi bayan azahar, a kan hagu yake kwanciya, na daman yana sama yana gadi. Limamin garin, abokinsa ne tun na ƙuruciya, ya sha gaya masa cewa kwanciya a kan dama ita ce sunna. Sai Tsoho ya ce, "Na sani, Malam. Amma in na danne shi baƙo ya zo, kai za ka taso daga gidanka ka amsa?"

Ni ce babbar jikarsa mace, don haka Uwargida yake ce mini, ni kuma in ina son tsokana in ce masa Ango. Wannan wasan ne ya ba ni bakin gaya masa abin da 'ya'yansa ba sa iya furtawa. Shi ya sa da kunnen daman ya fara ciwo, ni aka tura gaba.

An daɗe yana zubar da ruwa, ruwa mai warin da in ka shiga zauren sai ka ji shi a kan warin gawayi. Tsoho ya ce sanyi ne. Ya ɗiga man shanu mai ɗumi. Ya ɗiga ruwan tafarnuwa. Yana da wani gashin kaza da yake maƙalewa a hula, da ya sami sarari sai ya zura shi ciki yana murzawa, ya lumshe ido kamar mai shan zuma. Na ƙwace na jefa a wuta ya fi a ƙirga. Kaji kuwa ba su ƙare a gidan ba. Sai ran da jiri ya ɗebe shi ya faɗi dab da wutar maƙera, gefen rigarsa ya kama, sannan ya yarda na kai shi asibiti a Kazaure, inda nake aure. Can aka leƙa kunnen aka ce wannan ya fi ƙarfin ɗigo, sai Kano. Likitar kunne a Kano, wata mace mai sanyin magana, ta leƙa ta daɗe, ta ce ba za ta ce komai ba sai ta ga abin da ke bayan dodon kunnen. Ta tura mu ɗaukar hoton da suke kira siti-sikan.

Wayyo ni, wannan hoto!

Mai ɗaukar hoton wani saurayi ne ɗan Filato, Kirista, da Hausarsa tsaf da ladabinsa. Ya yi mana bayani a tsanake. Ya ce kunne ba wannan faifan da muke gani a waje ba ne kawai, yawancinsa a binne yake cikin wani ƙashi mai tauri a gefen kai. Na'urar za ta ɗauki ƙashin yanka-yanka, kamar yadda ake yanka kuɓewa a ga 'yan ɗakunan cikinta, sai dai ba wuƙa, ba jini, ba zafi. Ya ce kowane yanki bai kai kaurin farce ba, abubuwan da ake nema kuma wasu ba su kai ƙwayar shinkafa ba. Saboda haka abu ɗaya ake roƙo: kada a motsa. Ko magana, ko haɗiyar yawu. Ɗan lokaci ne kaɗan, bai kai a sha kofin ruwa ba.

Tsoho ya ce, "Wannan ai mai sauƙi ne."

An sha fama kafin ya cire hula a gaban baƙo. Ya hau gadon, aka gyara masa kai cikin wani ɗan mazubi, aka ɗaura masa maɗauri a goshi. Na'urar kamar bakin rijiya ce aka tayar tsaye, gadon yana shiga ciki a hankali. Saboda matsalar jin Tsoho, saurayin ya bar ni na tsaya kusa da shi a bayan gilashi. Ya danna wani abu, ya sunkuya ga lasifika, ya ce, "Sannu Baba, za mu fara."

Shi ke nan. Ina kallo kan Tsoho ya murɗe a ƙarƙashin maɗaurin, kunnen dama ya juyo neman murya.

"Yawwa samari, sannu kadai! Ina gajiya? Ya aikin?"

Hoton ya fito a dame, kamar allon da ruwan sama ya taɓa. Saurayin ya shiga ya gyara masa kai, ya dawo. Ni kuma ban yi wayon toshe wa saurayin baki ba, shi ma ɗan mutane ne, tarbiyya ta hana shi yin shiru. Ya ce, "Yi haƙuri Baba, don Allah kada ka motsa."

"Ba komai ɗana, wallahi ba komai. Allah ya yi maka albarka. Ina mutanen gida?"

Saurayin ya kifa kai a kan tebur yana dariyar da ba ta fita. Ni kuwa ji na yi kamar in fasa gilashin. Ya ce ba zai yi ta maimaitawa ba, don hasken na'urar ba abin wasa ba ne, ga kuma marasa lafiya a layi. Mu je mu dawo wani makon.

A mota, tun daga Kano har Kazaure, faɗa muke.

"Tsoho, an ce kada ka motsa!"

"Ban motsa ba. Amsawa na yi."

"Ai ita ce motsin!"

"Yaro ya gaishe ni in yi masa shiru? A ce wani maƙeri ya zo daga ƙauye yana yi wa mutane girman kai? Ke dai Uwargida zaman birni ya ɓata ki."

Mutanen motar suka goya masa baya, har da direba. Wani ma cewa ya yi irin su Baba sun ƙare a duniya. Na ce Allah ya sa, na juya fuska ga taga.

Ranar komawa na shirya. Na ja saurayin gefe na ce, "Don girman Allah, yau ko tari kada ka yi a lasifikar nan." Sannan na durƙusa gaban Tsoho na ce, "Ango, in kana salla wani ya yi sallama, kana amsawa?"

Ya ce, "Wace irin tambaya ce wannan?"

Na ce, "To ɗakin nan haka yake. Da gadon ya fara tafiya, ka ɗauka ka kabbarta. Ba magana, ba waige, sai an idar."

Ya jujjuya maganar. Can ya ce, "Ai da haka kuka ce tun farko. Ku 'yan boko ba ku iya bayani ba."

Ya kwanta kamar an dasa shi. Hoton ya fito tas. Gadon ya fito, aka kwance maɗauri, na ce, "Tsoho tashi, an gama." Shiru. Ido a rufe, hannu a ƙirji. Na girgiza ƙafarsa, ko gezau. Na fara salati. Saurayin ne ya fi ni saurin ganewa. Ya zagaya ta dama, ya sunkuya daidai kunnen, ya ce, "Assalamu alaikum, Baba."

Ido ya buɗe tar. "Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Yanzu ka yi magana! Ina gajiya, samari? Ya muka rabu rannan?" Duk gaisuwar da ya tara sai da ya sauke ta a kan yaron nan, hannunsa cikin nasa, mutane suna jira a waje.

Da muka koma wurin Likita, ta maƙala baƙar takardar hoton a jikin fitila. Layi-layi ne na ƙananan hotuna, kowanne yanki ɗaya na kan Tsoho. Ta nuna gefe guda ta ce ga kunnen dama. Nan take ya ce ba haka ba ne, wannan ai hagu ne, sun juya shi. Ta ce hoton kamar mutum ne yana fuskantarka, damansa tana hagunka. Ya ce to shi bai fuskanci kowa ba, a kwance yake. Na ce, "Likita, ci gaba kawai, in kika biye masa sai magariba."

Ta fara da kunnen hagu, mataccen, don mu ga yadda lafiyayyen ƙashi yake. Ta ce fari ƙashi ne, baƙi iska ce, toka-toka kuma tsoka ce ko ruwa. Ta nuna ƙashin bayan kunne, cike da 'yan ramuka baƙaƙe kamar saƙar zuma. Ta nuna wani abu a naɗe kamar katantanwa, ta ce nan ne sauti ke zama ji. Kusa da shi wasu 'yan zobba, ta ce su ke riƙe mutum kada jiri ya kayar da shi. Ta bi wani siririn layi da bakin biro, ta ce hanyar jijiyar da ke motsa fuska ce. Sannan ta nuna wasu 'yan ƙasusuwa uku a jere, ƙanana ƙwarai, waɗanda ke miƙa sauti daga dodon kunne zuwa ciki. Ta ce masu ilimin abin suna kiransu guduma, da uwar maƙera, da likkafar sirdi.

Tsoho ya miƙe tsaye. "Me kika ce, 'yar nan?"

Ta maimaita. Ya matsa har hancinsa na taɓa hoton. Ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Ikon Allah. Ashe kowa da maƙerarsa ake haifarsa." Ya juyo gare ni, fuska cike da murna. "Uwargida, kin ji? Har limamin ma."

Ban taɓa ganinsa cikin farin ciki irin na wannan lokacin ba, kuma bai daɗe ba, don Likita ta matsar da biro zuwa ɗaya gefen. Can babu saƙar zuma, duk toka-toka ne ya cike ramukan. Ta ce wata fata ce ta tsiro inda bai kamata ba, ta dunƙule tana girma tana cin ƙashi a hankali. Ta riga ta cinye rabin uwar maƙerar. Ta nuna wani siririn farin layi a sama, ta ce wannan shi ne rufin da ya raba kunne da ƙwaƙwalwa, kuma ga inda ya fara yankewa. In ya ɓule, mugunya za ta haura. Magani ɗaya ne, a yi aiki a buɗe bayan kunnen a kwashe abin.

Tsoho ya ce, "To tsaya. Wanda ya mutu shi ne mai kyau a hoto, wanda ke aiki shi ne ya lalace?"

Ta ce haka ne. Na hagu a can ciki ya mutu, inda hoto ba ya nunawa. Na dama kuwa, abin mamakin shi ne dunƙulen da ke cin ƙashin shi ne yanzu ya cike gurbin da ya ci, ta jikinsa sauti ke ƙetarawa. In an cire shi, jin zai iya raguwa sosai. Za ta yi ƙoƙarin gyarawa, akwai kuma na'urar da ake saƙalawa a kunne.

Ya koma ya zauna. Ya ce, "'Yar nan, tambaya ɗaya. Bayan aikin, in ina cikin zaure mutum ya yi sallama daga bakin hanya, zan ji?"

Na ƙura mata ido, ina roƙonta da ido ta ce e. Baiwar Allah nan ba ta iya ƙarya ba. Ta ce, "Baba, ina fata. Amma ba zan yi maka alkawari ba. Abin da zan iya cewa shi ne, in ba a yi ba, ranka ne a ciki."

Ya ɗauki hularsa ya sa. Ya yi mata godiya mai tsawo, ya sa mata albarka, ya ce a gaida maigidanta da yara. Ya ce a ba shi hotonsa.

Daga nan fa aka shiga abin da aka shiga. Kawu ya roƙe shi har da hawaye. 'Ya'yansa mata suka zo daga gidajensu suka yi zaman dirshan. Na ce masa ga na'urar ji, ya ce ya ga ta wani abokinsa a Yankwashi, kuka take yi kamar gyare, kuma shi ba zai amsa sallamar batir ba. Na je na ɗauko masa Liman da kaina. Liman ya zauna ya yi masa karatu mai kyau, ya ce tsare rai yana gaba, kuma amsa sallama in mutum ɗaya cikin jama'a ya yi ta wadatar. Tsoho ya saurara har ƙarshe, kai a karkace, sannan ya ce, "Gaskiya ne, Malam. Sai dai a zauren nan ni kaɗai ne jama'ar."

Hoton kuwa ya rataye shi a tagar maƙera, inda rana ke ratsa shi da hantsi. Duk wanda ya kawo gyaran fartanya sai an nuna masa. "Ka ga guduma? Ka ga uwar maƙera? Kai ma kana da su." Ya koyi wurin katantanwa, ya koyi wurin jijiyar fuska, har gardama yake da 'yan makaranta. Wurin nan ɗaya da farin layi ya yanke, wanda saboda shi aka yi hoton, nan ne kawai yatsansa ba ya zuwa. Ni nake nuna shi in na zo. Sai ya ce, "Uwargida ta zo da wa'azinta."

Da na rasa yadda zan yi, sai na yi masa yaji. Na ce tunda sallama ce ta fi ransa, to ya daina samun tawa. Na zo daga Kazaure, na sauka daga babur, na shiga zauren kai tsaye, baki a rufe, fuska a ɗaure. Abin da ban taɓa yi ba tun da na iya magana. Ya ɗago ya dube ni. Ya ajiye awartaki.

"Wa alaikumus salam wa rahmatullahi wa barakatuhu."

Na ce, "Ban yi ba."

Ya ce, "Na sani. Wadda ya kamata ki yi na amsa. Ina gajiya? Ya maigidan naki, abokin takarata?"

Na zauna a kan turmin da ke gefe na fashe da kuka don takaici. Ya bar ni na yi mai isata. Sannan ya yi magana ba da wasa ba, kuma sau ɗaya ke nan da ya yi mini haka a kan zancen. Ya ce, "Kin san kakarki ta tafi. Abokaina saura Liman. Hannuna ya fara rawa, kawunki ne ke yawancin aikin, ni riƙe guduma kawai nake don kada a ce. Abin da ya rage mini a duniya shi ne mutum ya wuce ya kira, in ce na'am. In zauna a nan ina kallon bakin mutane yana motsi, su wuce suna cewa tsohon ya daina amsawa? Ki bar ni da kunnena, Uwargida."

Na ce, "Ni kuma in rasa ka?"

Ya ce, "Ai dama za ki rasa ni. Ki sami saurayi."

Kun ji fa. Wannan shi ne mai sauƙin kan.

Ya ƙara damina biyu a haka, yana amsa sallama, yana ɗiga man shanu, yana satar gashin kaza. Har na fara cewa ko Likita ta zuzuta ne. Sai bana, ana cikin girbi, ciwon kai ya kama shi, zazzaɓi ya biyo, gefen fuskarsa na dama ya saki. Kafin mu kai Kano wuyansa ya sandare, ya daina gane mutane. Aka ce a sake hoto. Saurayin nan ne dai, ya gane mu tun daga ƙofa. Muka ɗora Tsoho a gadon, ba musun hula, ba maɗaurin da aka ja da ƙarfi. Hoton ya fito tas tun a ɗaukar farko. Saurayin ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce mini a hankali, "Hajiya, da ma ya motsa."

Rufin ya ɓule, kamar yadda Likita ta faɗa. Ba ta ce ai na gaya muku ba, Allah ya saka mata. Sun yi iya ƙoƙarinsu. Washegari da safe na shiga ɗakin da yake kwance. Ma'aikaciyar jinya ta ce ba ya jin komai yanzu. Na tsaya a bakin ƙofa, na yi sallama kamar yadda na saba, ba don ina sa rai ba. Wallahi tallahi, ina kallo kan nan ya motsa. Kaɗan ne, amma ya juyo da kunnen dama. Leɓensa ya yi rawa. Ban ji abin da ya ce ba, kuma ba na bukatar a fassara mini. Da hantsi ya cika.

To ya ci nasara a kaina, abin da ke ba ni haushi ke nan har yau. Ya tafi da jinsa kamar yadda ya so. Ni kuma har gobe ina nan a kan bakana: da an yi aikin. Da yanzu yana zaune a zauren nan, ko kurma ne, ina shigowa ina yi masa ihu a kunne yana ce mini Uwargida. Ban yafe masa wannan ba tukuna, ko da yake na yafe masa komai. Allah ya gafarta masa, ya haskaka makwancinsa, ya sa mala'ikun rahama su tarbe shi da irin gaisuwar da yake so, mai tsawo, wadda ba a gaggawa.

Ranar da aka kai shi, da maza suka dawo daga maƙabarta, na tare Kawu a tsakar gida, ƙafafunsa duk jar ƙasa. Na san amsar, kowane Musulmi ya san ta, amma sai da na tambaya.

"Kawu, ta wane gefe kuka kwantar da shi?"

Ya dube ni kamar na zautu. "Ta dama mana, fuska alƙibla. Kamar kowa."

Mutumin da ya yi shekara da shekaru bai yarda ya danne kunnen nan ba ko na ƙailula ɗaya. Yanzu yana ƙasa, mataccen ne a sama. Na san Allah ne ke jiyar da wanda ya so, ba sai an yi mini wa'azi ba. Amma na riƙe hannun rigar Kawu na ce, "Don Allah in kun je ziyara ranar Juma'a, kada ku yi masa sallamar nan ta ƙasa-ƙasa. Ku ɗaga murya. Kuma kada ku juya da wuri, ku ɗan tsaya. Kun san shi, ba ya amsawa a taƙaice."